Ihsan Da Dajin Gombak

Da Ihsan ta san daji za a shiga, ko da igiya aka ja ta ba za ta hau motar nan ba.

Bashira ce ta ruɗe ta, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, a ƙasar Malesiya. Cewa ta yi ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta shirya yawon shan iska a Gombak, a ci a sha a ɗauki hoto a dawo. Sai da bas ta tsaya a inda kwalta ta ƙare, Ihsan ta sauko ta ɗaga kai, sannan ta ga itatuwa sun haɗe sama sun rufe rana. Wata siririyar hanya ta kutsa cikinsu. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye ya doki hancinta.



A gaban ɗaliban, wani dogon saurayi baƙi, mai safa har gwiwa, yana bayani da Hausa yana dariya.

"Sunana Tajuddeen. Wannan dattijon shi ne Pak Ramli, jagoranmu, ni ɗan rakiyarsa ne. Duk wanda matsattsaku ya kama, don Allah kada ya fizge shi, ya kira ni. Kada a ba biri abinci. Kada kowa ya bar layi."

Aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Ihsan ta dafe jikin bas, zufa na keto mata, numfashinta na fita guntu-guntu. Ba ta ga zuwansa ba, sai murya ta ji kusa da ita.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Ba zan shiga ba," ta ce.

Ta jira ya yi mata dariya, ko ya ce ai ba komai a ciki. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi yadda ta dafe bas ɗin, ya kawar da kai kamar bai gani ba.

"To ai ba dole. Zo in kai ki inda ake ganin sama."

Ya kai ta ƙauyen mutanen Temuan da ke bakin dajin, waɗanda tun kaka da kakanni nan ne mazauninsu. Ya damƙa ta a hannun wata tsohuwa mai suna Mak Sinah, wadda ke koya wa baƙi saƙar tabarma da dafa shinkafa a cikin gora. Tsohuwar ba ta jin Turanci, Ihsan ba ta jin Malayanci sai "boleh" (za a iya) da "makan" (ci abinci), amma suka wuni tare. Da la'asar ayarin ya fito, kowa da taɓo har gwiwa. Tajuddeen ya zo ya tsaya a kanta.

"Kin fi mu riba," ya ce. "Mu jini muka bayar, ke shinkafa kika ci."

Ta yi murmushi, karo na farko a wunin.

Abin da bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a Kuala Lumpur sai mutum ɗaya, shi ne shekara uku da suka wuce 'yan bindiga sun tare motar da Ihsan ke ciki a hanyar Birnin Gwari. Kwana goma sha tara ta yi a daji. Ta yi tafiya ba takalmi har tafin ƙafarta ya tsage. Wata mata da aka kama su tare ta cika a gefenta. Allah ya tsare mata mutuncinta, amma da ta dawo Zariya bakin mutane bai tsare ta ba. Nasir, wanda har an kawo kayan sa ranarsu, ya fara ƙin ɗaga waya, daga baya danginsa suka aiko a ba su kayansu. Da ta samu tallafin karatu zuwa Malesiya, ba digiri kaɗai ta zo nema ba, har da garin da ba a san labarinta ba.

Mutum ɗayan da ya sani shi ne Adnan, ɗan aminin mahaifinta, mai harkar tura kaya gida daga unguwar Masjid India. Shi Abba ya ce ya riƙa duba ta. Ya kuwa duba ta, har ya fara yi mata kallon abin da aka ajiye masa.

Kwana biyu bayan tafiyar Gombak saƙo ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum. Tajuddeen ne, na roƙi lambarki wurin Bashira. Mak Sinah ta ce tabarmarki ta karkace, wai dole ki dawo ki gyara. Ni dai ɗan aike ne."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Wa alaikumus salam, Sarkin Dawa. Ka ce mata ta yafe mini, ni da wajen nan har abada."

"Har abada ta yi nisa. Mu bar shi a sai wani jiƙon."

Daga nan hira ta ƙullu. Ta ji cewa ɗan Kano ne, digiri na uku yake yi a kan itatuwan gandun daji, ranakun hutu kuma yana raka Pak Ramli yana yi wa baƙi tafinta. Yakan turo mata hoton fure ko tsuntsu, ya rubuta, "Wannan ya gaishe ki." Ba ta taɓa ce masa ga abin da ke damunta ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Wata Asabar ya ce akwai wani ɗan daji a tsakiyar birni, Bukit Nanas, inda mutum na ciki yana jin ƙarar motoci, yana hango dogayen gine-gine. Ya roƙe ta taku goma kacal. Bashira ta rako su. A taku na bakwai Ihsan ta juya da gudu ta fito bakin titi ta durƙusa tana haki. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya miƙa wa Bashira gorar ruwa ta ba ta.

Da yamma ya rubuto:

"Bakwai kika yi yau, Jarumata. Jiya sifili ne. Ni a lissafina kin ci jarrabawa."

Ta rungume wayar ta yi kuka. Sati uku bayan haka ta yi taku arba'in. Kafin wata biyar ta hau gadar igiya da ke saman itatuwan, idonta a rufe, tana jin muryarsa a gaba yana cewa, "Saura kaɗan, ina nan." A ƙarshen gadar ne ya ce mata yana son ta, kuma da aure.

Daɗi ya kama ta, tsoro ya biyo baya ya danne shi. In ya ji fa?

Ta fara da Abba. Alhaji Kalilu ya saurare ta a waya har ta gama, sannan ya ce, "Me yaron yake karanta?"

"Gandun daji, Abba."



"In ya gama, ina zai yi aiki?"

"Gida zai koma. Ya ce dazukanmu..."

"Ihsan." Muryarsa ta sauya. "Ni na tsaya a bakin titi na karɓe ki, ƙafarki na jini. Hawan jinin da nake fama da shi, a kwanakin nan na same shi. Yanzu ki ce in ɗauke ki in ba mutumin da kullum zai sa kai cikin daji, ki zauna kina jiran waya? Ba da ni ba. Ga Adnan nan, ya san komai, kuma ya ce yana so a haka. Ba zan tilasta miki shi ba, amma wancan kam ban amince ba."

"A haka" ɗin nan ta fi komai yi mata ciwo.

Ranar Alhamis tana fitowa daga laccar rana saƙon Adnan ya shigo.

"Na haɗu da mutumin naki a wani gidan cin abinci a unguwar Sri Petaling. Na gaya masa komai, har maganar Nasir. Gara ya sani tun yanzu. Taimakonki na yi, wata rana za ki gode mini."

Ta zauna a kan matakala saboda jiri. Kafin ta tattara hankalinta wani saƙon ya faɗo, na Tajuddeen.

"Adnan ya same ni. Akwai maganar da ba ta waya ba ce. Gobe da asuba za mu shiga daji da baƙi, kwana biyu, babu sabis a can. In na fito Lahadi za mu zauna."

Babu "Jarumata". Ta duba sama, ta duba ƙasa, babu. Haka Nasir ma ya fara, da "za mu zauna".

Lahadi ta zo ta wuce, ana ta sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta kira, waya a kashe. Litinin ma haka. Ta daina cin abinci. Bashira ta sayo shinkafa da kaza ta kawo mata, ta huce a cikin leda.

"Ya gudu, Bashira," ta ce, bayan ta kwashe labarin duka ta gaya mata. "Ya fito ya kashe wayarsa. Na san wannan shirun."

"Ke dai bari, ba halinsa ba ne."

"Shi ma Nasir ba halinsa ba ne."

Da safiyar Talata Bashira ta banko ƙofa da waya a hannu, idonta a waje.

"Ihsan, tashi! Ba su fito ba! Ambaliya ta cinye gadar da suka bi, mutum tara sun maƙale a tsallaken kogi tun Lahadi. An ce akwai wanda ya ji rauni."

Ihsan ba ta san lokacin da ta zura hijabi ba. A cikin motar haya, hanyar Gombak duk taɓo da karyayyun rassa, ba abin da take maimaitawa sai "Ya Hayyu Ya Ƙayyum". Wani sabon tsoro ne ya shige ta, wanda ya sa na kwana biyar ɗin nan ya zama wasa. Ya ƙi ta ɗin, in dai yana da rai.

A ƙauyen suka tarar da motocin jami'an ceto. Wani jami'i ya ce ruwa ya ɗan janye, an ɗaura igiya a kogin, za a fara tsallako da mutane. Tafiyar minti arba'in ce daga nan, kuma hanyar wannan ɓangaren lafiya take. Matan ƙauyen sun ɗaura kwanduna a baya za su kai abinci. Mak Sinah ta hango Ihsan, ta zo ta kama hannunta, ta nuna siririyar hanyar nan da haɓa.

"Boleh," ta ce. Za ki iya.

Ihsan ta dubi hanyar. Ba Bukit Nanas ba ce wannan. Babu ƙarar mota, babu gini.

"Ki jira a nan," in ji Bashira. "Ni zan je in gano miki."

"Na gaji da jira," Ihsan ta ce. Ta yi bisimilla ta sa ƙafa.

Duhun itatuwan ya rufe su. Ƙwari na wani irin ƙara kamar ana saran ƙarfe, ruwa na ɗiga daga ganye yana sauka a wuyanta. Takalminta ya nutse a laka, ta zaro ƙafa babu shi, ta ji sanyin ƙasa a tafin ƙafarta, irin na wancan lokacin sak.  Ta ƙanƙame hannun tsohuwar har sai da ta ji ƙasusuwansa.

Sun yi nisa sai ta ji rurin babura daga baya.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta fizge hannunta ta faɗa cikin ciyayi, ta kife fuska a ƙasa, ta toshe bakinta da hijabi don kada a ji numfashinta. Babura uku. Haka suka zo a wancan ranar. Tana jin su suna matsowa, tana jiran tsawar "Ku tashi!"

Baburan suka wuce. Jami'an ceto ne ɗauke da igiyoyi da gadon ɗaukar mara lafiya.

Bashira ta durƙusa tana kuka tana kiran sunanta. Mak Sinah kuwa zama ta yi a cikin taɓon kusa da ita, ta ɗora tafin hannu a bayanta, tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da harshensu. Ta ɗaga ƙafar Ihsan, ta sa farce ta ture wani matsattsaku da ya maƙale a idon sawunta, ta mayar mata da takalmin da ta tsinto. Ba ta ce su koma ba, ba ta ce su ci gaba ba.

Ihsan ta miƙe da kanta. Gaba ta fuskanta.

Tun kafin su ga kogin suka ji rurinsa. Ruwa ne ja wur, yana tafe da gungumen itace. An ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ana janyo mutane ɗaya-ɗaya a rataye. Ihsan ta tsaya tana ƙirga su da ido. Wata Baturiya mai furfura. Larabawa biyu. Pak Ramli, mutumin ƙarshe da take zaton zai bar wani a baya, shi ma aka janyo shi yana ta nuna tsallake yana faɗa da jami'an. Da sauran baƙin, mutum takwas ke nan. Sai aka tura gadon nan.

Da gadon ya iso tsakiyar kogi, igiyar ta saki kaɗan, ƙasansa ya taɓa ruwa. Ihsan ta ƙwalla ƙara. Maza shida suka ja da ƙarfi, gadon ya ɗago, ya iso gaɓa.

Shi ne. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, an ɗaure ƙafarsa ta dama da gora biyu. Daga baya ta ji cewa wajen janye Baturiyar nan daga bakin ruwa dutse ya gangaro masa, kuma shi ya nace sai kowa ya tsallaka kafin shi.

Ya buɗe ido ya gan ta. Ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ihsan? A nan? Ko zazzaɓin ne?"

"Ni ce." Hawaye na zuba, taɓo har goshinta. "Ka ce za mu zauna. To ga ni. In rabuwa ce ka faɗa mini yanzu, na gaji da tsoro."

"Rabuwa?" Ya yunƙura zai tashi, jami'i ya danne kafaɗarsa. "Ranar nan raina ne a ɓace, saura kaɗan in mari Adnan, shi ya sa na kasa rubutu mai daɗi. Tun ranar da na gan ki jikin bas na san daji ya taɓa cutar da ke. Ban san ya kai haka ba. Abin da aka yi miki ba laifinki ba ne, kuma ko da abin ya wuce haka, ni dai ke nake so. Maganar da na ce ba ta waya ba ce, izininki nake nema in tura kawuna Zariya. Ina jin kunyar in nemi wannan a saƙo." Ya yi murmushin ƙarfin hali. "Taku nawa kika yi yau, Jarumata?"

 Ta rufe fuska da hijabi, kuka da dariya suka haɗe mata.

Ashe Bashira ta ɗauki bidiyo tun daga bakin hanya, ta tura wa Umman Ihsan. Kwana biyu bayan haka, suna asibiti sun je duba shi, wayar Ihsan ta yi ƙara. Abba ne. 

"Ummanki ta nuna mini," ya ce. "Shekara uku ko gonar mangwaron gidanmu ba ki shiga ba." Ya yi gyaran murya. "Ba ni yaron."

Tajuddeen ya karɓa da hannu biyu, ya gaishe shi cikin ladabi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Abba. "In na ba ka ita, za ka bar aikin dajin nan?"

Ihsan ta riƙe numfashi. Ta yi masa alama da ido ya ce e.

"Abba, ba zan yi maka ƙarya ba," Tajuddeen ya ce. "Koyarwa zan yi a jami'a, amma aikin zai riƙa kai ni daji. Dazukanmu yasar da su aka yi, shi ya sa miyagu suka gaje su. Alkawarin da zan iya shi ne ba zan sa ƙafa inda babu tsaro ba, kuma ba zan taɓa ɓoye mata inda nake ba."

 

"Da ka ce za ka bari, da na san maƙaryaci ne kai," Abba ya ce a hankali. "Har yanzu ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka turo magabatanka. Shi kuma Adnan, ni da ubansa za mu yi magana."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Zariya, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, waliyyai suka tsaya musu. A Kuala Lumpur isha'i ta wuce, ɗalibai sun cika wani ɗakin taro a Setapak, an jingina waya a kan tebur kowa ya kasa kunne. Da aka shafa fatiha, Bashira ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta 'yan China leƙowa ta taga.

Ihsan na ɗakin mata, hannu ya sha lalle, saƙo ya shigo.

"Amarya, angonki na bakin ƙofa da ƙafa uku, biyu nasa ɗaya ta asibiti. Ba zai iya durƙuso ba, a yi masa afuwa a buɗe."

Ta rubuta, "Sai ka biya kuɗin sayen baki, Sarkin Dawa."

Kafin ya amsa Abba ya kira. Ya ce a haɗa su su biyun. Suka zauna gefe da gefe, Tajuddeen ya jingine sandarsa, suka sunkuyar da kai gaban wayar.

"Tajuddeen, ga amana nan. Ihsan, ki bi mijinki, ki riƙe shi da gaskiya." Muryar dattijon ta karye, ya dakata, sannan ya ƙarasa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya tsare gabanku da bayanku, a gida da daji. Allah ya ba ku zuriya ɗayyiba."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin, ta Ihsan ta fi ta kowa ƙarfi.